Kanwar da na kai Fakku a makare

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Ni ne na raunata abota ta fiye da shekara talatin da babban yatsana na dama, ina zaune kan benci a wurin mai shayi, bakina cike da burodi. Ba wanda ya zuga ni. Ku da kuke bibiyar surutuna a nan kun saba ji ina zolayar mutane, to yau kaina zan zolaya, ku yi dariyar a madadina, don ni har yanzu ba ta zo mini ba.

Ina zaune a Tambuwal, amma ina da gonar gado a wajen Jabo. Ina kuma da aboki Bafulatani makiyayi, wanda yake yin damina da shanunsa a dajin Fakku, can ƙasar Kebbe. Akwai abin da muka gada daga iyayenmu. In kaka ta yi, shi zai aiko ya tambaya ko an kwashe amfanin gona. Ni ba na amsawa da baki, buhun kanwa nake aika masa da ƙullin gishiri. In kanwa ta isa, ya san gona ta buɗe. Sai ya koro shanu su sauka, su ci kara da harawa, su bar mini taki, matan rugarsa su cika gidana da nono, ni kuma in ba shi dammunan gero. In kanwa ba ta je ba, an ce masa kar ya zo ke nan, ba tare da an haɗa ido an ji kunya ba. Tun da abin ya dawo hannunmu kanwa ba ta taɓa fashi ba, sai bana.

Ɗiyar ƙanwata ta yi karatun kwamfuta a Sakkwato. Ita da abokan aikinta suka ƙera wata manhaja ta labaran ƙasarmu, shafi ne kawai kake buɗewa a waya, ko da wayarka irin tawa ce mai fasasshen gilashi. Kowa na iya sa labari da muryarsa: kuɗin tiyar gero a kasuwa kaza, an yi haihuwa gidan wane, akuya ta ɓace. Kana iya saki kowa ya ji, kana iya aika wa mutum ɗaya. In kana inda babu sabis ka yi maganarka, manhajar za ta riƙe, duk ranar da wayar ta samu sabis sai ta tura. Wannan ne ya sa mutanen ruga suka karɓe ta hannu biyu. Sannan tana lura da abin da kake yawan dannawa, ta riƙa kawo maka irinsa. Ni kuwa me nake dannawa? Dambe, kokawa, da cacar bakin 'yan siyasa. Cikin wata guda wayar nan ta san halina fiye da matar da muka yi shekara arba'in tare.

Abokina ya samu wurin magana. Saƙonsa ba ya gaza minti biyar, huɗu daga ciki gaisuwa ce da kukan maruƙa. Shi Kaɗo yake kirana, ni in ce masa Agwai, haka muke tun muna da haƙoranmu duka. Rannan, lokacin gero na fitar da kai, na danna saƙonsa a wurin mai shayi murya a buɗe. Sai ga shi yana tuna mini ranar da wata karsanarsa ta kore ni na bar takalmi a gona. "Kaɗo," in ji shi, "jikokin karsanar nan suna gaishe ka, sun ce ka zo ka ɗauki takalminka." Majalisa ta fashe da dariya, har mai shayi ya zubar da madara. Na ga wasu ɗigo uku a gefen hotonsa, na taɓa, na ga an rubuta a ɓoye wannan mutum. Bokona a aji uku ya tsaya, amma wannan na karanta shi tsaf. Na danna. Niyyata in hora shi kwana biyu. Sai aka sa wani damben da ya ɗauke mini hankali, na manta.

Aka yanke gero, aka yanke dawa, kara na tsaye a gona, shiru. Ni kuma ina cika baki a majalisa cewa Agwai ya tara shanu ya fara ɗaga kai, in bai tambaya ba ni ma ba zan aika ba. Ana haka ɗiyar ƙanwata ta zo Tambuwal jin ra'ayin masu amfani da abin nasu. Na tare ta da ƙorafi, na ce manhajarku ta lalace, mutanen ruga sun daina magana. Ta karɓi wayar ta ɗan shafa, sai ta ɗago ta dube ni.

"Kawu, wa ka ɓoye?"

Saƙo uku nasa na kwance a wurin, ban da na gaisuwa. Na farko irin wanda ya saba ne, da zolaya, yana tambaya ko an kwashe amfani. Na biyu gajere ne, babu zolaya. Na uku ko rabin minti bai kai ba. Ya ce ba su ji komi ba, Allah shi bar zumunci, bayan kasuwa biyu za su yi kudu. Kwanan saƙon goma da zuwa. Mutumin nan a sanina bai taɓa tambayar abu sau biyu ba, ko ruwan sha ne. Ni ya tambaya sau uku.

Na aika masa murya nan take, amma wayar ruga sai ranar kasuwa take ganin sabis, kuma maganar tamu dama ba ta baki ba ce. Na shiga kasuwa na sayi kanwa da gishiri. Ɗiyar tawa ta ce dama tana son ganin yadda ake amfani da manhajar a Kebbe, za ta raka ni.

Mun tashi da asuba, ana sallame salla muka nufi tasha. Da sanyi-sanyi, masu ƙosai sun fara hura wuta. Motocin hanyar Sakkwato suna cika suna tashi, tamu ta Kebbe kuwa ƙaramar mota ce da ta ga duniya, sai da muka jira ta cika har rana ta fara leƙowa. Direba ya ɗaga buhun kanwata ya ce kuɗin mutum guda zai karɓa a kansa. Na ce ai buhun bai fi ni nauyi ba. Ya ce shi ya sa bai ce mutum biyu ba. Na biya. Kuɗin mota ya kusa ninka abin da na sani bara, kowa kuma ka tambaya sai ya ce mai. Aka sa mu biyu a kujerar gaba, ni da wani ma'aikacin ƙaramar hukuma mai ƙamshin turare, gwiwata na gaisawa da giya duk lokacin da direba zai canja ta.

Hanyar akwai inda take da kwalta mai kyau, akwai inda kwaltar ta gaji ta tafi ta bar ramuka. Hagu da dama gonaki ne da aka gama girbe su. Amalanken shanu da jakuna suna jigilar dammuna zuwa gida, rumbuna an yi musu sabuwar jinka, a fadama kuma masu albasa sun duƙa. Bana Allah ya ba da amfani a wannan gefen, ko makaho ya shiga garuruwan nan zai ji ƙarar sussuka. A wasu gonakin shanu sun riga sun sauka suna cin kara. Duk garken da muka wuce sai in miƙa wuya ta taga, har ma'aikacin nan ya tambaye ni ko dillalin shanu ne ni. Na ce a'a, mai laifi ne. Bai gane ba, ban kuma yi masa bayani ba.

Hali dai ba ya barin mutum ko yana cikin damuwa. Da na ga motar ta yi tsit sai na juya baya na ce, jama'a, duk mai ƙorafi kan manhajar labaran nan, ga mai ita nan a bayanku. Ɗiyata ta harare ni, amma aikin gama ya gama. Direba ne ya fara. Ya ce shi wayarsa ba ta kawo masa komai sai labarin tsoro, an tare hanya can, an kora dabbobi can, har ya yi kwana uku bai fito da mota ba, alhali abokan aikinsa na ta lodi. Ta tambaye shi wane iri yake buɗewa in ya tashi da safe. Ya ce irin waɗannan mana, ai dole direba ya san hanya. Ta ce to shi ya sa, manhajar ba wayo gare ta ba, abin da ka miƙa wa hannu shi take ƙara maka. Ya ce to ai ko mai tuwo in ta ga ka ci malmala huɗu tana tambaya ko lafiya.

Wata mai sayar da gyaɗa a baya ta ce nata ciwon daban ne. Waya ɗaya ce tsakaninta da maigidanta, shi ƙwallo yake saurare, ita farashin gyaɗa da wake take nema. "Wayar ta rasa wa za ta bi, ɗiyata. In na buɗe neman kuɗin tiya, sai in ji wani na ihu an ci." Ma'aikacin nan kuma ya gyara murya ya zuba Turanci mai tsawo, ni dai na gane cewa bai yarda da kowa ba. Ɗiyata tana ta rubutu a ɗan littafinta, mota na jijjiga ta, tana ba kowa haƙuri. Da ta so, kalma ɗaya za ta faɗa motar nan ta juyo kaina. Ba ta faɗa ba. Wannan shirun nata ya fi mini ciwo a kan a ce ta rama.

Mun shiga Kebbe da hantsi. Gari ne mai natsuwa, mutanensa na amsa gaisuwa a tsanake, sai dai zamanin nan kowa na duban baƙo sau biyu kafin ya nuna masa hanya, ban kuma ga laifinsu ba. Muka karya da hoce da ƙuli-ƙuli a wajen wata tsohuwa kusa da tasha, muka bi da kunu mai zafi. Hocen nan ya fi na garinmu, na faɗa, in mutanen Tambuwal za su yi fushi su yi. Ya fi arha kuma, abin da na ci in a gida ne sai na ƙara rabin kuɗin.

Daga nan muka nemi rumfar mai cajin waya, don duk wayoyin ruga can suke kwana ranar kasuwa. Rumfar langa-langa ce da ɗan janareto a baya, wayoyi sun fi hamsin jere a kan katako kowace da lamba. Mai rumfar magidanci ne mai fara'a. Ina kwatanta abokina ya gane shi. Ya ce waya ɗaya ce gare su duk rugar, kuma tsohon da kansa yake kawo ta, abin da bai saba ba.

"Kasuwa uku shina zuwa nan," in ji shi. "Ya zauna kan bencin ga, ya ce in duba mai ko an amsa. In ce babu. Sai ya ce ko saƙon bai tafi ba. Ni ko in nuna mai alamar, in ce ga ta, ya shiga wayar mutumin, tun ranar."

Na zauna a kan bencin da yake zama.  Sai da muka fito ɗiyata ta ce mini ita ce ta nace a yi shi haka. Da suna tsara wurin ɓoye mutum, abokan aikinta sun ce a riƙa nuna wa wanda aka ɓoye cewa ba a jin sa. Ita ta ce a'a, mutanenmu masu kunya ne, in aka nuna za a yi ta ɓatawa a banza, gara saƙonsa ya nuna ya isa kamar na kowa. Ta ce a lokacin gani take ta kare zumunci. Na ce mata ke kin ƙera wuƙa ne kawai, ni na yanka. Ban san ko ta ji sanyi ba.

Daga Kebbe zuwa Fakku 'yan kabu-kabu muka hau, babur biyu. Aka ɗaure buhun kanwa a bayan nawa, ni aka matse ni tsakanin buhu da mai babur, ƙafafuna na lilo. Hanyar akwai yashi, akwai kwazazzabai, akwai wani rafi da bai gama ƙafewa ba inda aka ce in sauka in taka. Na tattare riga na shiga, ruwan bai kai gwiwa ba, amma na yi salati kamar mai ƙetare gulbi, masu wanki a bakin rafin suna ta dariya. Mai babur ɗina mutum ne mai son hira. Da ya ji inda za mu, ya ce ai yanzu manoma da yawa sun daina kiran Fulani gonakinsu, ba kuma faɗa musu ake yi ba, shiru kawai ake yi, su kuma sun san ma'anar shirun. Yana faɗa ne kawai don hanya ta yi sauri. Ni kuwa kowace kalma tana sauka inda take sauka.

Mun wuce Fakku kaɗan muka isa inda rugar take. Babu kowa. Ga da'irar bukkoki a ƙasa, ga toka a murhu, ga turakun da ake ɗaure maruƙa, ga kashin shanu ya bushe ya yi fari. Na san wurin, na sha kwana a nan a shekarun baya. Na tsaya ina kallon murhun kamar zai yi mini bayani. Wani dattijo da ke ɗaure kara a gonar kusa ya ce sun tashi kwana huɗu ke nan, ciyawa ta ƙare ba su iya ƙara jira ba. Amma ya ce ba su yi nisa ba tukuna, wani manomi a gaba ya ba su gonarsa su yi 'yan kwanaki kafin su miƙa kudu. Ya kwatanta mana wata babbar tsamiya. Masu babur suka ce sai an ƙara musu, na ce ko rigata suke so su ɗauka.

Tun daga nesa na gane shanun, farare masu dogayen ƙaho, da wani jan bijimi da na san uwarsa. Abokina na zaune a gindin tsamiya yana tufka igiya. Ya rame kaɗan, ko kuwa idona ne. Ya ga mun sauka, ya miƙe, ya zo ya karɓe mu da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Malam. Kun sha hanya."

Malam. Ni da ko izu biyu ban haɗa ba. Shekara talatin da wani abu bai taɓa kirana da wannan ba, ko a gaban surukansa. Na ce, "Agwai, ni ne fa." Ya yi murmushi ya ce ai ya gani, ya sa aka shimfiɗa mana sabuwar tabarma, irin wadda ake fitar wa baƙon da ba a saba da shi ba. Da can kan buzunsa nake zama, in ya yi magana in ce ya tashi ya ba babba wuri. Aka kawo fura da nono mai kauri a ƙwarya, da ludayi sabo. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi amfanin gona, ya tambayi gajiya, ya sake tambayar gida. Duk abin da ake yi wa baƙo ya yi mini, bai rage komai ba. Da zagina ya yi da na fi samun wurin tsayawa.

Na faɗa masa gaskiya duka, har da burodin da ke bakina. Ɗiyata ta matso ta durƙusa ta nuna masa a wayata inda na danna, da inda saƙonninsa suka kwanta ban gan su ba. Ta ce, "Baffa, laifin namu ne, mu munka sa ya nuna maka ya isa." Ya karɓi wayar ya juya ta, ya daɗe yana kallon hotonsa a ciki. Sannan ya tambaye ta, cikin natsuwa kamar mai tambayar maganin dabba, wato mutum na iya toshe kunne kai kuma kana ta magana ba ka sani ba? Ta ce awo, haka ne. Ya ce, "Mu nan in mutum bai son maganarka, fuska shika kaudawa, ka gani, ka kama bakinka. Abin ga naku ba shi da fuska, ɗiyata." Ta buɗe littafinta kamar za ta rubuta, sai ta rufe.

Na sa aka kwance buhun aka ajiye a gabansa, da ƙullin gishirin a kai. Ya dafa shi ya yi godiya, ya ce shanu za su lasa, Allah shi saka da alheri. Sannan ya ce ya riga ya ba mai gonar nan baki, ba zai tashi ya bar shi ba, daga nan kuma 'ya'yansa sun riga sun yi gaba sun nemo wuri a kudu. Na ce kara na nan tsaye ban bari ko akuya ta shiga ba. Ya ce Allah sarki. Na ce to baɗi fa? Ya ce Allah shi kai mu da rai. Na auna maganar ta kowane gefe ban samu e ko a'a a cikinta ba.

Na yi ƙoƙarin jawo tsohuwar hira. Na ce ina jikokin karsanar nan, na zo karɓar takalmina. Ya yi 'yar dariya ta ladabi, irin wadda ake yi wa babban mutum in ya ba da labarin da ba shi da daɗi. Daga nan na koma kan furata. Muka yi azahar tare a gindin tsamiya, shi ya ja mu. Da za mu tashi matarsa ta kawo man shanu cike da ƙwarya aka ɗaure a tsumma aka ba ni. Ya rako mu har wurin babura, ya riƙe mini ƙwaryar na hau, ya faɗi wata magana, mai babur ya tayar, muka tafi.

Sai da muka dawo Kebbe muna jiran mota ɗiyata ta gaya mini abin da matar ta faɗa mata a bayan bukka. Sau biyu suna ɗaure kaya don tafiya Jabo suna kwancewa. 'Ya'yansa sun ce masa, Baffa, an daina son mu can, ka bar wahalar da kanka. Shi kuma ya ce musu ba su san mutumin ba, ko duk ƙasar ta rufe gona wannan ba zai rufe ba, kanwa na hanya. Sati uku yana faɗa musu haka, shanu na ramewa a wurin da ciyawa ta ƙare. Ranar da ya ce a tashi a yi kudu, ba wanda ya ce masa ai mun faɗa maka, amma ta ce tun ranar bai ƙara ambaton sunana ba.

A motar dawowa ban tsokani kowa ba. Ɗiyata ce ke magana, rabi da ni rabi da kanta. Ta ce za ta sa manhajar ta riƙa tambaya bayan mako guda, ka ɓoye wane, har yanzu kana nan kan bakanka? Ta ce za ta ware wani gefe da zai riƙa kawo labarin da ba kai ka zaɓa ba, na maƙwabta da na garuruwan kusa, ko kana so ko ba ka so, saboda irin direban safe. Ta ce za ta sa waya ɗaya ta iya gane mutum biyu, saboda irin mai gyaɗar nan. Na ce to ki sa a riƙa faɗa wa wanda aka ɓoye mana. Ta ce akwai matan da suke ɓoye mazan da ke damun su, in aka sanar da mazan nan, matan ne za su sha wuya. Ta ce ba ta san yadda za ta raba irin waɗannan da irina ba. Na ce irina ba su da yawa. Ta ce, "Kawu, kun fi yawa." Mun shigo Tambuwal ana kiran magariba, ƙwaryar man shanu a cinyata, bayana kamar an daka.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, kuma ba sabo ba ne, ni ne dai ban sani ba sai da na tsufa. Wayar nan ba ta yi mini ƙarya ba ko sau ɗaya. Abin da nake so ta ba ni, ta kuma ba ni shi da yawa har ban lura da abin da ya ɓace ba. Masu ƙera irin waɗannan abubuwa, ina roƙonku ku riƙa tuna cewa cikin masu dannawa akwai tsofaffin banza masu saurin fushi da saurin mantuwa. Ku kuma masu karatu, in kun gama ku shiga wurin ɗigo ukun nan ku duba wa kuka ajiye a ciki. Na buɗe nawa yanzu babu kowa, amma babu saƙon da ya shigo daga ruga. Kara na nan tsaye a gonar Jabo. Wasu makiyaya biyu sun aiko suna so, na ce a dakata, ni kaina ban san me nake jira ba.

Maganar da ya faɗa da yana miƙo mini ƙwarya, ban gaya wa kowa ba sai yanzu, ɗiyata ma ba ta ji ba don babur ɗinta ya riga ya yi gaba. Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba. Ni kuwa da ba a taɓa kayar da ni a magana ba a majalisar mai shayi, ƙwaryar kawai na rungume, har tsamiya ta ɓace a bayanmu. Cewa ya yi:

"Na yarda waya ta ɓoye maka muryata. To da ka ji ni shiru wata uku, mi ya hana ka zo ka gani ko na mutu?"